Renon tsiron gammo na kan tsaunuka: kurakuran da aka fi yi

Can a saman tsaunukan Alps na Turai akwai tsiron da masana ke kira Silene acaulis. Ba ya miƙewa sama. Dunƙulewa yake yi a kan tsakuwa kamar an ajiye koren gammo, ganyayensa ƙanana a matse, lokacin fure kuma ruwan hoda ya lulluɓe shi. Dunƙulewar ce garkuwarsa, domin iska ba ta ratsa shi, kuma cikinsa ya fi waje ɗumi. Masu sha'awar furanni a nan arewacin Kamaru kan ga hotonsa su aika a kawo musu iri, kuma yawanci gatan da ake yi masa ne ke kashe shi.

A fara da batun wurin shuka. A Garwa da Marwa zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, dare ma ba sauƙi. Tsiron da ya saba shafe watanni a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba zai kai labari a can ba, kada a yi asarar kuɗi. A tudu irin na Ngaundere, mai tsayin kusan mita 1,100, ko wajen Rumsiki ne ake da ɗan fata, shi ma gwaji ne. Mai son abin da zai shimfiɗu kan dutse a Garwa ya nemi dangin fasa-ƙaba masu fure.

Babbar ɓarna a wajen ƙasa take. Hannun manomi ya saba da taki, sai a cika tukunya da baƙar ƙasa da kashin shanu. Tsiron zai yi tsiri-tsiri, gammon ya buɗe, ruwa ya kwanta a tsakiya, sai ruɓewa. Haɗin da ya dace: kwano uku na ƙananan tsakuwa masu girman ƙwayar dawa, kwano ɗaya na ƙasa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen ganye. Taki ko kaɗan. A zuba ruwa a gwada kafin shuka. In bai zurare ta ƙasa nan take ba, a ƙara tsakuwa. Tukunyar ta zama ta yumɓu mai huda a gindi, zurfinta ya kai santimita 25 zuwa 30, don saiwarsa guda ce doguwa mai nutsewa, kuma ba ta son a dame ta da yawan dashe. A ƙarƙashin gammon a shimfiɗa tsakuwa zalla kaurin santimita 2, yadda ganye ba zai taɓa danshi ba.

Ban ruwa ta sama shi ma kuskure ne. A zuba a gefen tukunya da sassafe, sai an tura yatsa an ji ƙasar ta fara bushewa. Da damina a shigar da ita ƙarƙashin rumfa mai shan iska, inda hantsi ke samunta amma ruwan sama ba ya dukanta. Da bazara a saka ta cikin wata babbar tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Yadda randa ke sanyaya ruwa haka saiwar za ta sami sanyi.

Irin kuwa, wasu kan shuka shi kai tsaye su ce ya mutu. Sanyi yake jira. A gauraya shi da yashi mai danshi a leda, a ajiye a firiji, ban da wurin ƙanƙara, mako 4 zuwa 6, sannan a yafa a saman tsakuwa ba tare da binnewa ba.

Sai gaggawa. Irin waɗannan tsirrai ba sa sauri. Yareta, wani tsiron gammo na tsaunukan Andis a Kudancin Amurka, kusan santimita ɗaya da rabi yake ƙaruwa a shekara. Kada a ga shiru a zuba takin zamani. Busassun ganyen da ke cikin gammon ma a bar su, su ne ke riƙe masa danshi. Amma in wani ɓangare ya yi baƙi ya yi laushi, a cire shi da tsinke a ranar, a cike gurbin da busassun tsakuwa, a ɗaga ban ruwa na mako guda.