Na'urar eko ba ta ƙonewa da kanta: kurakuran haɗa ta da miksa da amfi

Makon jiya wani yaro ya shigo shago da na'urar eko, wadda ke sa wa murya amsa-kuwwa, a cikin leda, wai "haka kawai ta mutu, Oga". Ban ko ɗauki sukundireba ba, hanci na kai bakin ramin INPUT na ji ƙauri. Na ce daga ina ka ɗauko wayar da ka soka a nan? Ya ce daga bayan amfi, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi zuwa lasifika. Na gaji da maimaita wannan magana da baki, shi ya sa na zauna rubutawa.

Ramin da ke fitar da sauti zuwa lasifika, wanda aka rubuta wa SPEAKER OUT, ba shi da wata hulɗa da na'urar eko har abada. Ita eko an gina ta ne don ta karɓi ɗan sigina da bai wuce bolt ɗaya da ɗoriya ba: 1.23 a manyan kayan aiki, kusan 0.3 a kayan gida. Amfi mai wat 100 a kan lasifika mai om 8 kuwa yana fitar da bolt 28, mai wat 500 ya haura 60. Ka ga an ɗura wa jariri tuwon ƙato. Tarkon yana jikin miksa (na'urar da ke haɗa sautukan makirfo da kayan kiɗa) mai amfi a cikinta, irin wadda aka fi yawo da ita wajen biki da wa'azi, domin a wasunsu ramin lasifika da ramin sigina duk jak iri ɗaya suke ci.

Ni ma ta nan na sha kashi. Ina yaron gida, maigidana yana da wata eko, Yamaha SPX90, samfurin nan da ya fito a 1985, ya saye ta ta hannu kuma yana ji da ita kamar ƙwai. Ranar wata walima ya bar ni in haɗa kaya shi ya tafi masallaci. A tunanina, tun da sautin da ke zuwa lasifika shi ne "cikakke", in na bi da shi ta eko komai zai fito da daɗi. Na soka, na ɗaga feda, wato abin ƙara sautin layi a miksa, fitilar ja ta kama ta ƙi sauka, sai shiru. Da ya dawo bai zage ni ba, ya dube ni kawai ya ce, "Sannu da aiki." Wata huɗu ina zuwa aiki ba sallama, kuma har yau in na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar duk wayar lasifika da ke hannuna sai na naɗa mata jan salatif a kai biyu, daga baya ma na mayar da su duka masu kan Speakon, wani kai na musamman na wayar lasifika, wanda ko da gangan ba zai shiga bayan eko ba.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Daga AUX SEND na miksa, ramin da ke aika ɗan sigina zuwa wata na'ura, zuwa INPUT na eko, daga OUTPUT na eko, hagu da dama, zuwa RETURN na miksa. In waya ɗaya za ka tura, soka ta a ramin da aka rubuta L/MONO. Ni dai ba na amfani da RETURN, a kan layi biyu da babu kowa nake dawo da sautin, don in iya rage masa nauyin ƙasa, in kuma kashe shi da yatsa ɗaya idan malam ya fara addu'a. Wasu abokan sana'a suna ganin ɓarnar layi ce. Su suka sani.

Sai dai wannan ɗabi'a tawa tana da nata rami, kuma na faɗa shi da ƙafa biyu. Layin da eko ta dawo a kai shi ma yana da maɓallin AUX kamar kowane layi. In ka murɗa shi, ka mayar wa eko abin da ta fitar, ita kuma ta ƙara masa ta sake turowa, haka dai har ya zama ihu. A wani bikin dina na sa sabon yaro a kan miksa na fita duba janareto. Mai waƙa ya ce a ƙara masa eko, yaron ya bi maɓallan AUX jere guda yana murɗawa tun daga layin farko har na ƙarshe. Ƙarar da ta tashi sai da ƙawayen amarya suka toshe kunne, shi kuma gogan ya ruga yana kashe makirfo ɗaya bayan ɗaya, alhali ihun ba daga makirfo yake ba. Kafin in iso tiwita biyu, ƙananan lasifikan siririn sauti, sun tafi, uwar biki kuma ta zaftare rabin cikon kuɗina. Wallahi abin da ya fi ba ni haushi, na faɗa masa da safe. Ku yaran yanzu sai a yi muku bayani kuna latsa waya kuna "na gane, Oga". Yanzu maɓallin nan cire masa hula nake yi gaba ɗaya bayan na mayar da shi sifili, in manna salatif a kai.

Akwai kuma maɓallin MIX a jikin ita eko, mai raba tsakanin muryar asali da wadda aka sarrafa. In ta AUX ka haɗa, kai shi ƙarshe, kashi 100 na sarrafaffen sauti. Muryar asali tana nan tana tafiya ta layinta a miksa. In eko ta sake dawo da ita da ɗan jinkirin da na'urar dijital ke yi, sai su biyun su riƙa cin juna, murya ta fito kamar daga cikin tulu. In kuwa a jere ka haɗa, wato sauti ya shiga eko ya fita ya wuce gaba, to nan kashi 20 zuwa 30 ya isa.

Ramin INSERT ba wurin eko ba ne a wurina, na kwamfireso ne da ikwalaiza, na'urorin daidaita ƙarfin sauti da kaurinsa. Yana son waya mai reshe biyu: kai ɗaya mai baƙin zobe biyu, sai kawuna biyu masu zobe ɗai-ɗai. A yawancin miksa tsinin jak ne ke turawa, tsakiyarsa ke dawowa. Ka soka jak mai zobe ɗaya har ƙurya, layin ya yi tsit ka ce miksa ta lalace.

AUX ɗin eko ya kasance a POST, wato ya ɗauki sauti bayan feda. In yana PRE, wato kafin feda, za ka sauke fedar mai waƙa amma amsa-kuwwarsa na nan tana yawo a fili kamar fatalwa.

Dubi bayan na'urar, sau da yawa akwai ɗan makunni mai +4 da -10. Tazarar da ke tsakaninsu ta kusa desibel 12. Da miksa, +4. In ka ji sauti na fashewa ko ya yi ƙasa da huci a bayansa, fara duba nan kafin ka zargi kowa.

Kada ka dawo da eko ta ramin makirfo mai ƙafa uku alhali makunnin 48V yana kunne. Wutar nan ta makirfon situdiyo ce, ba kowace eko ke jure ta ba.

Masu jita da fiyano, naku ya ɗan bambanta. In amfinka yana da SEND da RETURN a baya, nan ne mazaunin eko da na'urar jinkirta sauti, domin suna shiga ne bayan an gama ƙara wa sauti kauri. Na'urorin da ke sa jita ta yi gurnani, su a gaba suke, tsakanin jita da INPUT. In ka juya tsarin, gurnanin zai tauna amsa-kuwwar ya zama kunu. Babbar eko in ta shiga ramin jita na gaba, rage mata OUTPUT sosai, don ramin ɗan ƙaramin sigina yake jira. Mai tsohon amfi na bawul, mai kwalaben gilashi a ciki, kuma kada ya kunna shi babu lasifika a jiki, taransifomar fita ce za ta tafi.

Maganar wuta kuwa, kayan Kwatano da na kasuwar Alaba ta Legas da yawa daga Amurka suka taso, na bolt 110 zuwa 120 ne, mu kuma 230 muke sha. Karanta rubutun da ke gefen ramin wuta kafin ka soka, ba bayan hayaƙi ba. Adafta ma ba a aro ta da ka: ƙananan na'urorin kamfanin Boss na takawa da ƙafa suna cin bolt 9 DC mai nagetif a tsakiya, tsofaffin Alesis irin Microverb da Nanoverb kuwa bolt 9 AC suke so. Lambar ɗaya ce, wutar daban.

In ka ji gunjin "huuum" da zarar ka haɗa eko, yawanci ita da miksa ba soket ɗaya suke sha ba. Haɗa su a kan ekstenshan guda. Masu karya ƙafar ƙasa ta fulogi don gunji ya tafi, ranar da makirfo ya ja leɓen limami za ku yi bayani.

Amfi shi ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa. An ɗauke wuta za a koma janareto, kashe shi tukuna.

Sai yawan ekon kansa. Haba jama'a! Malam yana wa'azi, kalma ɗaya tana dawowa sau biyar, na bayan fili ba ya gane ko aya ake ja ko sanarwa. Ni wajen magana kashe ta nake yi ɗungurungum, wajen waƙa kuma ina ɗagawa har in fara jin ta sarai, sannan in ɗan ja baya. Fitilar CLIP, mai nuna sigina ya yi yawa, ta ƙifta jefi-jefi ba laifi, in ta zauna ja, rage AUX SEND.

Shi yaron mai leda ya ci sa'a, 'yar ƙaramar ayisi ta bakin shiga da resisto biyu kawai suka ƙone, babban allon bai taɓu ba. Na canza masa su, na ba shi ragowar jan salatif ɗina, na sa shi ya naɗe wayoyin lasifikarsa a gabana kafin ya bar shagon.