Yadda maharbi zai kare kunnensa, ko da bindigarsa na da salansa

A Amurka, inda harbin nishaɗi da farauta suke kan doka, maharba da yawa suna sa wa bindigoginsu salansa, wato bututun da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage ƙara, su kuma nemi harsashin da gudunsa bai kai na sauti ba, wai don a samu sauƙin ƙara. Sauƙin kam ana samu. Matsalar ita ce wasu daga nan sai su ajiye abin toshe kunne, suna ganin an gama. Ba a gama ba. Ga yadda ake bin lamarin daki-daki.

Fara da sanin inda ƙarar take fitowa, domin ba wuri ɗaya ba ne. Akwai fashewar iskar albarushi a bakin bindiga, wadda ita ce salansa take ragewa, tun irin wadda Hiram Percy Maxim ya yi wa rajista a 1909. Akwai kuma tsawar da harsashi yake yi idan ya wuce gudun sauti, wato kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin gari yana digiri 20. Wannan salansa ba ta da abin da za ta yi mata, shi ya sa ake komawa ga harsashi mai nauyi mai tafiyar hawainiya, irin wanda ake samu a samfurin .300 Blackout. Sai ta uku, wadda aka fi mantawa da ita: bindiga mai ɗura kanta tana buɗe gefenta bayan kowane harbi ta tofar da kwanso, iska mai ƙarfi ta biyo baya. Wannan ƙofa kuwa ba ta kai kamu ɗaya daga fuskar maharbi ba. Salansa tana ma ƙara turo iskar baya, sai ka ga a bakin bindiga an samu sauƙi, amma a gefen kunne abin bai ragu sosai ba.

Daga nan sai lissafi. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma ƙarar babbar bindiga tana kai desibel 160 zuwa sama. Ko ƙaramar bindiga samfurin .22 tana taɓa 140. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, sun sa 140 a matsayin iyakar ƙara mai zuwa farat ɗaya. Salansa takan rage 20 zuwa 35. Ka cire 30 daga 165, ka ga saura 135, wato kana bakin iyaka ne kawai, kuma wanda ya je filin harbi ba sau ɗaya zai harba ba. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda suke karɓar sauti, idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa ƙugin kunne yake kan gaba cikin lalurorin da ake biyan tsofaffin sojojin Amurka diyya a kansu.

Yanzu sai zaɓen kaya. Iri biyu ne: toshen soso da ake cusawa a ramin kunne, da marufi mai kofuna biyu da ake ɗorawa a kai. A jikin kwalinsu za ka ga lambar NRR, mai nuna yawan ƙarar da suke tarewa. Soso mai kyau yana kai 33, marufi kuwa yawanci tsakanin 22 da 30. Kada ka ɗauki lambar nan kamar yankan wuƙa. A ɗakin gwaji aka same ta, a hannun mutane ba ta cika kaiwa haka ba. Auduga kuma ka bar ta wa mai ciwon kunne, ba ta tare abin a zo a gani.

Sa soson shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka a nan za mu ɗan daɗe. Hannunka ya zama da tsabta. Ka murza soson tsakanin babban yatsa da manuniya, a hankali da farko, sannan da ƙarfi, har ya zama siriri ba tare da ya nannaɗe ko ya yi lanƙwasa ba. Idan kunnen dama za ka sa, ka zagayo da hannun hagu ta saman kai, ka kama saman kunnen ka ja sama da baya. Wannan jan shi ne yake miƙar da ramin, domin a karkace yake. Sai ka tura soson da sauri kafin ya kumbura, ka danne da ɗan yatsa na daƙiƙa 20 zuwa 30. Za ka ji duniya tana yin nisa a hankali yayin da yake cika ramin. Ka gwada: ka yi magana, muryarka ta zama kamar daga cikin kanka take fitowa. Wanda ke tsaye a gabanka bai kamata ya hango soson ya leƙo waje ba. In rabinsa na waje, cire ka sake, ba kunya.

Marufi ya fi sauƙin sawa, sai dai yana da nasa tarkon. Dole bakin kofin ya manne da fata ko'ina. Hula, gashi mai yawa, da sandar tabarau mai kauri duk suna buɗe kafa. Haka nan idan ka kwantar da kumatu a gindin bindiga, yakan ture kofin sama ba ka sani ba, shi ya sa masu doguwar bindiga suka fi son marufi mai siririn kofi. Akwai na batir, wanda yake ƙara maka maganar mutane amma ya yanke da zarar an yi harbi. A ganina ya cancanci kuɗinsa, domin yawancin masu ɗaga marufi don su ji abin da malamin fili yake faɗa ne suke ɗagawa, a daidai lokacin ne kuma na kusa da su zai saki wuta.

Idan filin na cikin gini ne, ko a ƙarƙashin rufin kwano, ko na gefenka yana da bindiga mai ƙarfi, haɗa biyun, soso da marufi. Ba a tara lambobinsu. Abin da ake ƙaruwa da shi bai wuce desibel 5 a kan mafi girman ba, amma a wannan mataki 5 ba wasa ba ne. Ka sa kafin ka shiga, kada ka cire sai ka fita. Yara kuma a nesanta su, domin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa musu 120 ce.

Wani abu da kan ba mutane mamaki: mai harba doguwar bindiga da dama kunnensa na hagu ne yake fara lalacewa, saboda shi ne yake fuskantar bakin bindiga, na dama kuwa kai da kafaɗa sun kare shi. Wannan ya shafi mafarautanmu da masu harba bindigar gargajiya a hawan Sallah a Kano da Katsina da Zariya, waɗanda yawancinsu ba sa sa komai a kunne.

Bayan harbi, saurari kunnenka. Idan kana jin shuuu, ko magana tana zo maka dishi-dishi, kariyar ba ta isa ba, ko da abin ya washe kashegari. Idan kuwa ji ya ɗauke kwatsam, ko akwai ciwo, jini ko jiri, je wurin likitan kunne a ranar, kada ka ɗiga mai ko wani magani a ciki. Mai yawan harbi ya riƙa gwajin ji duk shekara, domin lalacewar takan fara bayyana a takardar gwaji wajen sauti mai kaifi na hertz 4,000, tun kafin mutum ya lura cewa ya fara yawan cewa "na'am?"