Yadda ake lissafin ɗumamar Tekun Gini a kwamfuta

Wani ƙanena mai karatun ilimin teku ya same ni a Obalende, ya ce, "Yaya, ta ina ake fara gano yadda ruwan nan na gaban Legas zai kasance nan da shekara 50?" Ga abin da na faɗa masa.

Da farko ka shata iyaka. Ɗauki Tekun Gini tun daga Laberiya har Gabon, ka yanka shi gida-gida kamar allon dara, kowane gida kamar kilomita 9, sannan hawa-hawa daga sama zuwa ƙasa. Zurfin ruwa kuma ka samo daga taswirar GEBCO. Manhajar lissafin, CROCO ko ROMS, kyauta ce.

Sai abin da ke tura ruwan. Iska da zafin rana da ruwan sama duk suna cikin ERA5, kundin bayanan yanayin duniya, wanda ya faro daga 1940. Abin da ke shigowa ta bakin iyaka kuwa, GLORYS, kundin bayanan teku na shirin Copernicus na Turai, zai ba ka tun daga 1993. Kada ka manta da koguna, Neja da Volta. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama ya hana gauraya, rana ta yi ta gasa shi.

Ka kunna lissafin, ka bar shi ya ci 'yan shekaru har ya daidaita, ka watsar da sakamakon farkon. Ka riƙa ajiye inda aka kwana a kai a kai. Ni wuta ta taɓa ɗauke mini cikin dare, aikin mako guda ya bi ruwa.

Yanzu aka zo wurin. Kafin ka tambayi kwamfuta gobe, sa ta ba ka labarin jiya. Gwada zafin saman ruwa da ma'aunin tauraron ɗan'adam na OISST, wanda ya fara a 1981, da tasoshin PIRATA da aka kafa a teku tun 1997, da na'urorin Argo masu nutsewa har mita 2,000. Abu biyu za ka sa wa ido. Shin kwararar ruwan Gini na bin gaɓa ta yi gabas, daga wajen Ghana zuwa Najeriya? Shin tsakanin Yuli da Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙasa a gaɓar Ghana da Kwadebuwa? Wannan ruwan ne ke ɗauko abincin kifi, masunta sun san lokacinsa ba sai da kwamfuta ba. In lissafinka bai nuna shi ba, koma baya ka duba iska da yadda ruwa ke gaurayuwa.

Yanayin gaba kuwa daga manyan lissafin yanayin duniya na CMIP6 ake ɗauko shi, amma da hattara. An san yawancinsu suna zafafa gabashin Atilantika fiye da kima. Don haka kada ka zuba alƙalumansu kai tsaye. Cire bambancin da ke tsakanin yanzunsu da gobensu, ka ɗora shi kan yanayin da ka riga ka tantance. Yi hakan da lissafi uku ko huɗu, a ƙarƙashin SSP2-4.5 da SSP5-8.5, wato hasashen hayaƙi mai ɗumama duniya, matsakaici da mai yawa.

Wajen kwatantawa shekara ɗaya ba ta isa shaida ba. Ɗauki 30 cur, 1991 zuwa 2020, ka jera da 2071 zuwa 2100. Na ce masa in ya kai nan, ya ɗauki taswirorinsa ya tafi cibiyar binciken teku ta NIOMR a Victoria Island, ya nuna wa masu shiga ruwan suna aunawa da hannunsu.