Babi na 6: Yadda Ake Tsayar da Kiran Talla a Waya

Darasi na 1: Haƙƙinku ne

'Yan uwa ɗalibai, iyayena maza da mata, kowa a ajin nan ya san wannan kira. Waya ta yi ƙara, a ɗauka da sauri ana zaton ɗan uwa ne, sai a ji muryar na'ura tana tallar waƙa ko wata gasa. Ba dole ba ne ku haƙura da shi. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya tun shekarar 2016 su ba kowa damar rufe ƙofar talla. Lambar ita ce 2442. Ɗaya ce a kowane layi, ko MTN ko Airtel ko Glo, kuma kyauta ce, ba a cire ko kobo.

Darasi na 2: Tura saƙon

Ku ɗauko waya. Ku nemi hoton ambulan, nan ne wurin saƙo. Ku buɗe sabon saƙo. Za ku ga gurbi biyu: gurbin lamba da gurbin rubutu.

A gurbin lamba ku sa 2442. Biyu, huɗu, huɗu, biyu. Huɗun nan guda biyu ne, a tsakiya.

A gurbin rubutu ku rubuta STOP. Haruffa huɗu: S, T, O, P. Mai ƙaramar waya zai danna 7 sau huɗu a jere, S ta fito. Sai 8 sau ɗaya, T ke nan. Sai 6 sau uku, O ta fito. Sai 7 sau ɗaya, P ke nan. Wannan O harafi ce, ba sifili ba. In hannu ya zarce, a goge a sake, ba komai. Sannan a danna tura.

To ga inda ake tuntuɓe. Ba a kiran 2442, saƙo ake tura mata. Da yawa cikinku da zarar sun ga lamba sai yatsa ya tafi kan koren madanni, su kara a kunne suna jira. Babu wanda zai ɗauka. Ku faɗa tare da ni: saƙo ne, ba kira ba. Lamba a gurbin lamba, STOP a gurbin rubutu. Wasu kuma sai su juya su, su sa STOP a wurin lamba, waya ta ƙi turawa, su ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. A sake: 2442 a gurbin lamba, STOP a gurbin rubutu.

Kada kuma ku mayar wa mai tallar da amsa. Ba shi za ku tura wa ba, 2442 za ku tura wa. Mai layi biyu ya yi wa kowane layi nasa daban.

Haba jama'a, don Allah a daina miƙa wa jikoki waya ana cewa su yi. Me ya kawo mu aji? Yaron ba kullum yake gida ba. Wanda ya iya rubuta sunansa ya iya rubuta haruffa huɗu. Ku yi da hannunku ko da zai ɗauki minti goma. Madalla da wanda ya gwada ya kuskure, ya fi wanda ya naɗe hannu.

Aikin gida: kowa ya rubuta 2442 da STOP sau biyar a littafinsa, ya tura saƙon, ya zo da amsar kamfani mu karanta tare. Saƙo, ba kira ba.

Darasi na 3: In tallar ba ta tsaya ba

Ku kira kamfanin layinku a 300, ku kai ƙara, ku karɓi lambar ƙorafin ku rubuta. In ba su gyara ba, ku kira hukumar NCC a 622. Wannan kam kira ne, kuma kyauta.

Darasi na 4: 'Yan damfara

2442 ba ta hana ɗan damfara kira, don shi ba ya bin doka. Duk wanda ya kira ya nemi lambar sirrin katinku na banki ko BVN, ku kashe wayar.

Darasi na 5: Dubawa

A tura STATUS zuwa 2442 don a ga ko rufewar ta kama.