Darasi na 7: Shigar da Kek ɗin Aure Gasa

To 'yan aji, yau zancen gasa za mu yi. Kin iya kek ɗin aure, kowa na yabawa, sai kika ji an buɗe gasar adon kek ranki ya biya. Ki sani ɗan biki daga nesa yake kallon kek, shi kuwa alƙalin gasa sai ya sunkuya ya zagaya ta baya, ya leƙa gindin kek inda ya haɗu da faranti, sawun yatsa ɗaya a jikin fondan, wato kwaɓin sikarin nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, zai iya rage miki maki.

Kafin ki taɓa fulawa ki nemo takardar dokokin gasar, in karatun bai gama zama ba ki kawo ta aji mu bi ta layi-layi, ba abin kunya ba ne. A ciki za ki ga rukunin da za ki shiga, hawa nawa ake so, iyakar faɗin farantin, da kuma ko an yarda da kek na bogi. Eh na bogi, wato farin abin nan mara nauyi da ake tare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, shi ake lulluɓewa da fondan a yi masa ado. Gasa da yawa sun yarda da shi, har da manya irin Cake International da ake yi a Birmingham ta Ingila, amma fa sai adon ya zama wanda za a iya yi a kan kek na gaske. Wadda ta wuce ma'aunin da aka ba ta ko da kek ɗinta ya fi na kowa kyau za a iya cire ta.

In na gaske za ki yi, kowane hawa ki ɗora shi a kan nasa faifan kwalin, ki soke sanduna aƙalla 4 a hawan ƙasa ki yanke su daidai da saman kek, su ne za su ɗauki nauyin na sama, in ba haka ba kafin alƙalai su iso ya lotsa. Ki fara shafa aisin, wato kirim ɗin sikari da ake shafe kek da shi, siriri don ya kama ɓurɓushi, ki sa a firij ya ɗaure, sannan ki murza fondan kaurin kamar milimita 3 ki rufe. In iska ta shiga ta yi kumburi ki huda da allura mai tsabta ki lallashe da tafin hannu. Farantin ma a rufe shi, tsirara ba ya kyau.

Furannin sikari su ke cin lokaci, ki fara su tun saura makonni don sai sun bushe ƙarau, kuma ki yi da rara tunda dole wasu su karye. Kar ki sa su a firij, danshi na sa su yi laushi su langaɓe. Wayar ƙarfen da ke jikin furannin kuwa ba a soka ta kai tsaye cikin kek, akwai ɗan bututun roba da ake fara zura ta a ciki, wannan alƙalai ba sa ɗaga ƙafa a kai saboda abinci ne.

Ranar kaiwa kowane hawa a kwalinsa, a ajiye a inda ya shimfiɗe a mota da tabarmar roba a ƙasa, ban da kujera don a karkace take, ban da cinya. Ki tafi da ragowar aisin, burushi, almakashi da furannin rara, can za ki haɗa.

Aikin gida: ki zana kek mai hawa 3 a littafinki, ki rubuta faɗin kowane hawa da lamba, sannan ki rubuta kaya 5 da za ki sa a jakar gyara.