Yadda za ka bi labarin yaƙin Mali ba tare da an yi maka rufa-ido ba

Aikina haɗa sharhin labaran ƙetare a wani ƙaramin gidan rediyo, kuma babu ƙasar da masu saurare ke damuna da tambaya a kanta kamar Mali. Tambayar kusan ɗaya ce kullum: Malam, wai wa ke cin nasara ne? Tun 2012 ake wannan yaƙi. Faransa ta shiga ta fita, Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga ta fita, Tarayyar Turai ta horar da sojoji ta tattara komatsanta, yanzu Rasha ce a filin. Kowane ɗaya da sanarwar nasara ya zo, amma har yau matafiyi ba ya bin hanyar Gawo hankali kwance. Ga yadda nake tace labarin kafin in buɗe baki a gaban makirfo. Kai ma za ka iya da wayarka da ɗan littafin rubutu.

Fara da taswira. Kada ka karanta labarin hari sai ka ga inda garin yake. Mali ta fi Najeriya faɗin ƙasa, ta kusa kai Nijar. Daga Bamako zuwa Gawo wajen kilomita 1,200 ne a mota, Kidal kuma ta fi haka nisa. Ni na raba tawa taswirar gida uku da jan biro: arewa, wato Tambutu da Gawo da Kidal da Menaka, tsakiya, wato Mopti da Segu inda kogi ke malala da damina, sai kudu da yamma, inda Bamako da Sikaso da Kayes suke. Yaƙin arewa daban, na tsakiya daban. A arewa rigimar ta samo tushe daga tawayen Abzinawa. A tsakiya kuwa, ƙasar noma da burtali da gaba tsakanin Fulani da Dogon da mafarautan gargajiya sun cakuɗe da wa'azin masu iƙirarin jihadi. Idan ka ga hari ya fara yawaita a gida na uku, to labari ya sauya ke nan.

Sai ka ware masu ɗauke da makamai, don sanarwar gwamnati takan zuba su a kwando ɗaya ta ce 'yan ta'adda. Aƙalla kashi uku ne. Akwai JNIM, gamayyar da aka kafa a watan Maris na 2017 ƙarƙashin Iyad Ag Ghaly, mai mubaya'a ga Al-Ƙa'ida. Reshenta mafi ƙarfi shi ne na Macina da Amadou Koufa ke jagoranta a tsakiyar ƙasar. Akwai reshen IS na Sahel, wanda ya fi ƙarfi a Menaka da mahaɗar iyakokin Mali da Nijar da Burkina Faso. Shi ne ya kai harin Tongo Tongo a 2017 inda sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da na Nijar, shi ne kuma ya kai na Inates a Disamban 2019 da ya ci ran sojojin Nijar 71. Waɗannan biyun ba sa ga maciji da juna, sun sha gwabzawa. Na uku su ne 'yan tawayen Azawad, sunan da suke kiran arewacin Mali da shi, waɗanda suka ayyana ɓallewa ranar 6 ga Afrilu 2012, suka sa hannu a yarjejeniyar Aljas a 2015, suka koma daji bayan ta rushe. Su ƙasa suke nema ko cin gashin kai. A wasu fagagen daga sukan sami kansu gefe ɗaya da JNIM, amma burinsu ba ɗaya ba ne. Duk labarin da bai faɗa maka wanne daga ciki ake nufi ba, rabin labari ne.

Inda na fi so ka ɓata lokaci shi ne a kan baƙin da suka zo taimako. Duk rundunar da ka ji sunanta, yi mata tambaya uku: me aka turo ta yi, wa ke biyan kuɗinta, kuma wa take yi wa biyayya?

Ɗauki MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwamitin Sulhu ya kafa ta a Afrilun 2013, ta karɓi aiki ranar 1 ga Yuli daga hannun rundunar Afirka ta AFISMA, wadda wani janar ɗan Najeriya, Shehu Abdulkadir, ya jagoranta. Sojojinta sun kai wajen 13,000, kuɗin da take lashewa a shekara ya haura dala biliyan ɗaya. Mutumin Mopti yana ganin fararen motoci masu sulke suna wucewa, da dare kuma a ƙona ƙauyen maƙwabta, dole ya ce me amfaninsu. Amma takardar aikinta ba ta ce ta shiga daji farautar 'yan ta'adda ba. An ce ta kare fararen hula, ta tallafa wa yarjejeniyar zaman lafiya, ta binciki take haƙƙin ɗan Adam. Kare fararen hular ma ta gaza a wurare da yawa. A Ogossagou, a Maris na 2019, an kashe Fulani kusan 160 a dare ɗaya. Duk da haka ta rasa ma'aikata sama da 300, da yawansu 'yan Afirka ne, musamman 'yan Cadi da aka jibge a can ƙuryar arewa. Idan za ka zarge ta, zarge ta a kan aikin da aka ba ta. A watan Yunin 2023 ministan harkokin wajen Mali Abdoulaye Diop ya tsaya a gaban Kwamitin Sulhu ya ce ta fice, kafin ƙarshen Disamba ta fice.

Farautar kuwa Faransa ce ta ɗauka. Rundunarta ta Serval ta fara aiki ranar 11 ga Janairu 2013, bayan mayaƙa masu iƙirarin jihadi sun kama garin Konna sun doshi kudu, cikin 'yan makonni aka ƙwato Gawo da Tambutu, jama'a suka fito da tutocin Faransa. A 2014 aka mayar da ita Barkhane, aka shimfiɗa ta a ƙasashe biyar, hedikwata a Njamena, sojoji 5,100 a lokacin da ta fi yawa. Umarninta daga Faris yake zuwa, ba daga Bamako ba, kuma wannan ya zama ƙaiƙayi tun daga batun Kidal, inda sojojin Mali suka daɗe ba su da iko. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Gawo ranar 15 ga Agusta 2022.

Rundunar G5 Sahel ta 2017, ta Mali da Nijar da Burkina Faso da Cadi da Muritaniya, tambayar kuɗi ce ta kashe ta. An yi alkawura a tarukan masu ba da tallafi, kuɗin ya riƙa zuwa ɗiɗɗiga, Amurka kuma ta ƙi yarda a riƙa biyanta daga asusun Majalisar Ɗinkin Duniya. Mali ta fice a 2022, Nijar da Burkina suka bi bayanta a Disamban 2023.

Su Wagner, sojojin hayar Rasha da suka iso a ƙarshen 2021, gwamnatin Kanar Assimi Goita ce ta gayyato su, duk da ta riƙa kiransu masu horarwa. Ba su da wata takardar aiki da kowa zai iya karantawa, ba sa kai rahoto gaban wata majalisa. A Yunin 2025 suka ce sun kammala aiki, Africa Corps da ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron Rasha ta ci gaba. Masoyansu kan nuna maka Kidal, wadda aka ƙwato a Nuwamban 2023. Gaskiya ne an ƙwato ta, amma daga hannun 'yan tawayen Azawad, ba daga hannun JNIM ba. Ka ga amfanin warewar da muka yi a sama. A Yulin 2024 kuma aka yi wa Wagner da sojojin Mali mummunan kwanton ɓauna a Tinzawaten, kusa da iyakar Aljeriya.

Yanzu batun alƙaluma. A littafina kowane shafi layi uku ne: abin da soja ya ce, abin da mutanen gari suka ce, abin da masu bincike suka gano daga baya. Layi na uku yakan zauna fayau wata da watanni, kuma shi ne mafi tsada. Bari in buɗe maka shafi biyu.

Bounti, wani ƙauye a tsakiyar Mali, 3 ga Janairu 2021. Layin farko: jiragen Faransa sun yi ruwan bama-bamai a kan taron 'yan ta'adda. Layi na biyu: mutanen ƙauyen sun ce ɗaurin aure ake yi. Layi na uku ya cika a ƙarshen Maris, lokacin da masu binciken MINUSMA suka ce biki ne na mutum kusan ɗari, akwai 'yan bindiga biyar a cikinsu, kuma fararen hula 19 ne suka mutu. Faransa ba ta amince da rahoton ba.

Moura, shi ma a tsakiyar ƙasar, ƙarshen Maris 2022, ranar kasuwa. Layin farko: sojojin Mali sun ce sun kashe 'yan ta'adda 203. Layi na biyu: waɗanda suka tsira sun ce jirage masu saukar ungulu sun sauko, aka tsare garin kwanaki, ana ware maza rukuni-rukuni ana harbewa, akwai fararen fata cikin masu harbin. Layi na uku sai a Mayun 2023: ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 500, mafi yawansu ba sa ɗauke da makami. Bamako ta yi fatali da rahoton. Na haɗa maka shafukan biyu da gangan, don wanda ya tsani Faransa Bounti kaɗai yake tunawa, wanda ya tsani Rasha kuma Moura kaɗai. Su kuma JNIM da IS nasu shafukan sun fi yawa. Harin da aka kai wa jirgin ruwan fasinja a kogi tsakanin Gawo da Tambutu a Satumban 2023 ya kashe fararen hula aƙalla 49.

Labarin an kashe babban kwamanda, karanta ka wuce. Faransa ta kashe Abdelmalek Droukdel, shugaban Al-Ƙa'ida na yankin, a Yunin 2020, ta kashe Abu Walid al-Sahrawi na IS a 2021. Shekarar da ta biyo baya IS ta mamaye mafi yawan jihar Menaka. An taɓa shelar mutuwar Amadou Koufa a 2018, bayan 'yan watanni ya fito a bidiyo.

Ma'aunin da na fi yarda da shi ba ya cikin sanarwar soja. Abu huɗu nake dubawa: hanya, kasuwa, makaranta, alƙali. Motar haya tana bin hanyar ba tare da rakiyar soja ba? Kasuwar mako tana ci, kuma wa ke karɓar haraji a cikinta? Malami ya koma aji? Makarantu sama da dubu ne a rufe a Mali saboda rashin tsaro. Idan manomi da makiyayi suka yi rigima, wajen wa suke kai ƙara? A ƙauyuka da dama na tsakiyar ƙasar, wajen mutanen Koufa ake kaiwa, don suna yanke hukunci nan take ba tare da cin hanci ba, ko da tsoro ne ya kai mutum. Soja zai iya kafa tuta a gari da rana, amma in da dare wani ne ke karɓar zakkar shanu, ka san mai garin.

Da wannan ma'aunin za ka gane nauyin abin da ya faru daga Satumban 2025, lokacin da JNIM ta fara ƙona tankokin mai a hanyoyin da suka fito daga Senegal da Kwaddibuwa. Mali ba ta da teku, man fetur ɗinta a mota yake shigowa. Ba a kama Bamako ba, amma layukan mai sun miƙe a birnin, wuta ta yi ƙaranci, har gwamnati ta rufe makarantu na mako biyu daga ƙarshen Oktoba. Shekara guda kafin nan, ranar 17 ga Satumba 2024, mayaƙan sun shiga makarantar jandarmomi da filin jirgin saman Bamako. Wanda ke ƙirga gawarwaki kawai ba zai ga wannan tafiyar ba.

Ka kuma kasa kunne ga sulhu, ko da ana musanta shi. A Oktoban 2020 an saki fursunoni kusan 200 aka karɓo ɗan siyasa Soumaila Cisse da wata Bafaranshiya da wasu Italiyawa biyu. A yankin Niono, a 2021, malamai sun shiga tsakani aka cim ma yarjejeniya tsakanin mafarautan gargajiya da mayaƙan JNIM don mutane su samu su yi noma; ba ta yi ƙarko ba. Faransa ta ƙi jinin irin wannan tattaunawa, 'yan Mali da yawa kuwa suna so. Ni ra'ayina, duk yarjejeniyar da ka ji, nemi sharuɗɗanta kafin ka yi murna, don sau da yawa abin da ƙauye ke biya shi ne rufe makarantar boko da daina hulɗa da soja.

Ga mu mazauna Nijar da arewacin Najeriya, jihar Menaka ce wurin sa ido. Tana maƙwabtaka da Tillaberi da Tawa, daga Tawa kuma Sakkwato ba nisa. Faransa ta bar Nijar a ƙarshen 2023, Amurka ta bar sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas a 2024, ƙasashe uku na ƙawancen AES, wato Mali da Nijar da Burkina Faso, sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Don haka idan ka ji an yi taron tsaro na yanki, duba ko Bamako da Yamai da Abuja sun zauna a teburi ɗaya, ko kowa nasa taron ya yi.

Saura inda za ka samo labarin. Gwamnatin Mali ta dakatar da RFI da France 24 tun Maris 2022, 'yan jaridar cikin gida suna taka-tsantsan, kuma tun fitar MINUSMA masu cike layi na uku sun ragu ƙwarai. Saurari ɓangarori daban-daban, ka lura da wanda ke ambatar sunan ƙauye da rana da wanda ke cewa kawai an ragargaji 'yan ta'adda. Bidiyon da aka turo maka a WhatsApp ko TikTok, duba kakin sojojin, lambar mota, harshen da ake magana, da ko ƙasar kore ce alhali ana cikin rani. Tsofaffin hotunan Libiya da Burkina kan dawo da sunan Mali. JNIM tana da kafar farfagandarta, soja ma yana da tasa, kuma duk wanda ya tura ba tare da dubawa ba ya yi wa ɗayansu aiki kyauta. Idan babban hari ne, rubuta ranar da sunan garin, ka cike layi na farko da na biyu, ka bar shi ya kwana biyu kafin ka ce komai a Facebook. Sau da yawa adadin da aka fara faɗa yakan sauya kafin nan.