Yadda Baƙon Birni Zai Samu Mutanen da Za Su Tsaya Masa Wajen Neman Aiki

Da an gama girbi an kai amfani rumbu, sai motocin Haɗeja da Gumel da Ringim su shiga sauke samari a tashar Yankaba da ke Kano. Wani da takardar digiri ko NCE a ambulan, wani da ƙarfinsa kawai. Duk inda suka ƙwanƙwasa, shago ne ko kamfani, tambaya ɗaya ke jiransu: "Wa ya san ka?" Kada ka ɗauke ta wulaƙanci, ɗan'uwa. Wanda zai damƙa maka makullin shagonsa ko cinikin yini guda yana buƙatar mutumin da zai kira idan wani abu ya faru. Aikinka na farko shi ne samar wa wannan tambaya amsa.

Ka fara tun kana gida

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi araha. Kafin ka hau mota, ka zauna da mahaifinka, da kawunnanka, da limamin unguwa, da tsohon hedimastanku, ka tambaye su 'yan garinku da ke zaune a Kano ko Dutse da sana'ar kowannensu. Ka rubuta a littafi, don waya tana ɓata. In kai ɗan Jigawa ne, ka tuna sai a 1991 aka cire jihar daga Kano, saboda haka da wuya a rasa ɗan garinku mai gida ko shago a birnin.

Karɓar lamba kaɗai ba ta isa ba. Ka roƙi dattijon ya buga wa mutumin a gabanka, ya ce masa, "Ga ɗan wajen Malam wane nan zai shigo, na ba ka amanarsa." Wannan kiran ya fi saƙo ɗari da za ka tura da kanka. Ranar kasuwa kuma ka nemi direbobi da dillalan hatsi masu kai kaya Dawanau, ko fataken shanu na Maigatari ranar Alhamis da na Wudil ranar Juma'a. Sun san wanda ke neman yaro tun kafin labarin ya bazu.

Ka karɓi takardar shaidar ƙaramar hukuma da lambar NIN tun yanzu, kada a neme su kana birni ka koma kana kashe kuɗin mota.

Mai masaukinka shi ne shaidarka na farko

Duk wanda zai ɗauke ka aiki, wurin mai masaukinka zai fara tambayar halinka. Ka tashi da wuri, ka share inda ka kwana, ka faɗa masa inda za ka, kada ka jawo masa baƙin da bai sani ba.

Ka san inda sana'arka take zaune

Kano ta raba harkokinta unguwa-unguwa. Yadi da atamfa suna Kantin Kwari, kayan masarufi suna Singa, hatsi yana Dawanau, kayan gwari Yankaba, ƙarafa da kayan gini Ƙofar Ruwa, wayoyi da gyaransu Farm Centre. Masana'antu suna Sharaɗa da Bompai da Challawa, ma'aikatun jiha kuma da yawansu suna sakatariyar Audu Baƙo. Ka zaɓi wuri ɗaya ko biyu ka lizimce su har a saba da fuskarka. Mai yawon ko'ina kullum baƙo ne a ko'ina.

Ka iya roƙo

A nan nake son ka tsaya da kyau. Kalmar da ta fi kashe wa matasa kasuwa ita ce, "Alhaji, a taimaka min da kowane irin aiki." Ka ɗora masa nauyin yi maka tunani, shi kuma yana da nasa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ambaci wanda ya turo ka, sannan ka faɗi abin da ka iya a taƙaice: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Kawu wane ne ya ce in zo in gaishe ka. Na iya rubuta shige da ficen kaya, na kuma iya kwamfuta. Ko da wanda ka sani yana neman mai riƙe masa sito?"

In ya ce babu, kada ranka ya ɓaci, kada kuma ka tashi hannu rabbana. Ka ce, "To wa kake ganin ya dace in je in gani?" Mutum ɗaya ya haɗa ka da ɗaya, shi ma ya haɗa ka da wani. Ka lura da lokaci: ɗan kasuwa ba ya sauraron kowa ana tsakiyar ciniki, ka same shi da sassafe ko bayan La'asar. In ofis ne, ka girmama masinja da mai gadi, domin su suka san lokacin da mai gida ke ganin mutane. Kada ka taɓa haɗa neman aiki da roƙon kuɗin mota a zama ɗaya.

Ka je inda jama'a suke

Zumunta a ƙafa take. Ka riƙa sallah a masallaci ɗaya na unguwarku. Ka nemi ƙungiyar ci-gaban garinku da ta tsofaffin ɗaliban makarantarku, ka halarci taronsu, in ana neman mai jera kujeru ko rubuta bayanin taro ka miƙa kanka. Ɗaurin aure da suna da ta'aziyyar 'yan gari duk ka je, amma ba wurin miƙa takarda ba ne. Ka yi gaisuwa, a san ɗan wane ne kai, maganar aiki ta biyo baya wata rana. Baje-kolin da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa a titin Gidan Zu ma dama ce ta ganin kamfanoni da yawa wuri guda.

'Yar'uwa, ke ma haka abin yake. Islamiyya, da gidan biki, da malamanki na makaranta, da yayyenki masu aikin asibiti ko koyarwa, su ne hanyarki. In za ki ganin wanda ba ki sani ba, ki tafi da wani naki, kuma a wurin aiki da rana.

Waya

Ka sa sunanka na gaskiya da hoto mai kamala a WhatsApp. In za ka tura saƙo, ka faɗi ko kai wane ne da buƙatarka a saƙo guda, ban da "slm" a zauna jiran amsa, ban da filashin. Ka gyara shafinka na Facebook, domin ana dubawa, kuma zagin siyasa ya rufe wa mutane ƙofofi. Mai neman aikin banki ko ƙungiyoyin agaji ya buɗe LinkedIn, shafin da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, ya kuma ajiye CV ɗinsa a waya yadda zai tura nan take.

Ka karɓi ƙarami, ka koma da labari

In aka ce ka tsare shago na kwana biyu ko ka raka kaya tasha, ka yi, ka dawo da canji cif-cif ko naira hamsin ce. Gwaji ne, ko ba a faɗa maka ba. Duk wanda ya tura ka wani wuri kuma, ka koma ka faɗa masa yadda kuka yi, an dace ko ba a dace ba. Mutane suna jin zafin yaron da ba a jin ɗuriyarsa sai buƙata ta taso. Kai ma in ka ji gurbin da bai dace da kai ba, ka sanar da abokinka.

Abu ɗaya nake roƙonka: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka takardar ɗaukar aikin gwamnati, ka rabu da shi, ko ɗan garinku ne. An sayar da gonaki da shanun huɗa a kan haka, takardar ta fito ta bogi. Kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka kai maganar gaban mai masaukinka da dattijon da ya buga waya dominka.